Daga Zauren Madabo Zuwa Ƙofar Jami'a

Shirinmu na faɗakarwa na yau ya ya da zango a cikin birnin Kano, a unguwar Madabo. Maganar da ke gabanmu kuwa ta shafi duk gidan da ke da yaro ko yarinyar da ke gab da kammala sakandare, wato iyali su taka da ƙafarsu su ga jami'a tun kafin a rubuta sunanta a fom.

Duk wanda ya san tarihin ilimi a Kano ya san Madabo. Ana danganta kafuwar karatu a unguwar da zuwan Wangarawa, malaman da suka taso daga ƙasar Mali ƙarƙashin jagorancin Shehu Abdurrahman Zaiti. Littafin tarihin sarakunan Kano ya sanya zuwansu a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Wata ruwayar kuma ta kawo shi zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Ko wacce aka ɗauka, magana ce ta sama da shekara 500. Madabo ta yi suna a fiƙihun Malikiyya, musamman karantar da Mukhtasar na Shehu Khalil, kuma a nan ne ake da sarautar malanta ta Babban Malami. Malam Muhammadu Salga ma, wanda daga baya almajiransa suka shahara da sunan Salgawa, a Madabo ya sha karatu.

A irin wannan unguwa uba ba ya tura ɗansa wurin malamin da bai sani ba. Yakan riƙo hannun yaron, ya yi sallama a ƙofar zaure, ya tuɓe takalmi, ya zauna a gefen tabarma. Kafin ya buɗe baki ya ce, "Allah gafarta Malam, ga amana na kawo," idonsa ya riga ya gama aiki. Ya ga irin almajiran da ke zaune da yadda suke riƙe littafi, ya ji yadda ake biya karatu, ya kuma san a hannun wa malamin ya ɗauko nasa ilimin. In hankalinsa bai kwanta ba, sai su gaisa kawai, ya tashi da ɗansa.

To, yau jikan wannan uban yana zaune a cibiyar rajistar JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, a gaban mai kwamfuta, ga layi a bayansa har waje. Mai kwamfuta ya ce, "Wace jami'a? Wane kwas?" Yaro ya faɗi abin da ya ji abokansa suna faɗa a makaranta, aka danna, aka wuce. Shekara huɗu ko biyar ko shida na rayuwarsa aka yanke a cikin 'yan mintuna, alhali shi da iyayensa babu wanda ya taɓa leƙa wurin. In kuma daga baya aka ga an yi kuskure, sauya kwas ko sauya jami'a sai an sake biyan kuɗi, wani lokacin ma lokaci ya ƙure.

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka jami'o'i kan ware ranaku na musamman su buɗe ƙofa ga masu neman shiga da iyayensu, a zagaya da su azuzuwa da ɗakunan kwana, malamai su zauna su amsa tambayoyi. A nan gida wannan al'ada ba ta yaɗu ba, sai dai ɗan abin da wasu makarantun sakandare ke yi na kai ɗalibansu ziyarar gani da ido. Saboda haka iyali su ne za su shirya tasu ziyarar da kansu. Abin kuma bai fi ƙarfin kowa ba, musamman mutumin Madabo, wanda jami'a ke bayan ganuwarsa.

Jami'ar Bayero ma ai 'yar cikin gari ce. A 1960 aka buɗe ta da sunan Kwalejin Ahmadu Bello, a harabar Makarantar Nazarin Larabci da kowa ya sani da SAS. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai aka mayar da sunan kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshen Zariya. A 1964 ta koma tsohon otal ɗin filin jirgin sama na wucin gadi, ta ɗauki ɗaliban digiri na farko, waɗanda suka kammala a 1966. Daga nan ta tare a mazauninta na kusa da Ƙofar Kabuga da Dukawuya, wanda yanzu ake kira tsohuwar jami'a. A 1977 ta zama cikakkiyar jami'a mai cin gashin kanta, Dakta Mahmud Tukur kuma shi ne shugabanta na farko. Larabci da addinin Musulunci da Hausa suna cikin fannonin da ta ginu a kansu, don haka ɗan gidan malamai in ya shiga can, ba baƙon wuri ya je ba.

Har ma akwai wani yanki na jami'ar a maƙwabtan Madabo. Gidan Mambayya da ke Gwammaja, gidan marigayi Malam Aminu Kano, yanzu cibiya ce ta nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma ana yin taruka da laccoci a cikinsa. Yaron da ke jin nauyin shiga jami'a, a fara kai shi can ya ga yadda malamai da ɗalibai ke zama su yi muhawara.

Mu ɗauki misalin gida guda a unguwar: uba, uwa, da 'yarsu da ke ajin ƙarshe na sakandare, sai ƙaninta da ya maƙale sai an je da shi. A bar shi ya je, domin shi ma ranarsa na tafe. Sun tari adaidaita sahu da safe, sun bi Titin Aminu Kano, sun wuce Goron Dutse, sun ɓulla Gadon Ƙaya, ga tsohuwar jami'a. Darasin farko tun a hanya ake samunsa, in uba ya duba agogo lokacin tashi da lokacin isa, ya kuma riƙe abin da ya biya.

Darasi na biyu shi ne Jami'ar Bayero ba wuri ɗaya take ba. Akasarin fannonin kimiyya suna tsohuwar jami'a. Sabuwar jami'a kuwa tana can gaba a kan titin Gwarzo, wajen Rimin Gata, kuma a can ne ake samun injiniya, aikin gona, ilimi, shari'a, sadarwa, da babban ɗakin karatu da ofishin shugaban jami'a. Masu karatun likita kuma, in sun yi nisa, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya suke komawa. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne ga aljihun magidanci. Yarinyar da sashenta ke tsohuwar jami'a za ta iya kwana a gida Madabo ta kama laccar ƙarfe 8 ba tare da wahala sosai ba. Wadda ke sabuwa kuwa sai ta yi sammako, ta ratsa cunkoson Kabuga, ta biya kuɗin mota mai yawa, safe da yamma, kwana biyar a mako. Sassa kan tashi daga wannan harabar su koma waccan, shi ya sa tun a bakin ƙofa ya kamata a tambayi masu tsaro inda sashen da ake nema yake a yanzu.

Masu tsaron nan a gaishe su da mutunci, a faɗa musu gaskiyar abin da ya kawo mutum, a kuma riƙe katin shaida. A zaɓi ranar aiki, lokacin da ake tsakiyar zangon karatu. Wanda ya je lokacin hutu zai ga gine-gine da bishiyoyi, ya dawo yana yabo, bai ga komai ba. Jami'a sai da ɗalibai a ciki ake gane halinta.

In an isa sashen, a tsaya daga waje kusa da tagar ɗakin lacca na ɗan lokaci, ba tare da an dami kowa ba. A jami'o'in gwamnati da dama, ajin 'yan shekarar farko kan cika ya batse. Za a ga na gaba suna rubutu, na tsakiya suna miƙa wuya, na baya wasu a tsaye wasu a kan taga, littafi a kan gwiwa, suna kwafa daga na kusa da su. Yarinyar da ta saba da aji mai mutum arba'in, inda malami ya san sunanta ya san gidansu, ya kamata ta ga wannan da idonta, ta san cewa a nan babu mai bin ta da bulala, babu kuma mai tambayar me ya hana ta zuwa jiya. Wasu yaran wannan gani shi ke sa su ɗaura ɗamara. Wasu kuma a nan suke gane cewa ƙaramar makaranta ta fi dacewa da su, kuma wannan ba abin kunya ba ne.

Daga nan sai allon sanarwa na sashen. Mutane kan wuce shi, alhali ya fi kowane talla faɗin gaskiya. A jikinsa ake ganin jadawalin lacca, da sunayen darussan kowace shekara, da sanarwar jarrabawa. Yaron da ke cewa yana son karatun kwamfuta saboda ya iya sarrafa waya, in ya ga yawan lissafin da ke jere a jadawalin shekarar farko da ta biyu, zai sake tunani ko ya ƙara shiri. A leƙa ɗakin gwaje-gwaje in an ba da izini, a ga ko kayan aikin ana taɓa su ko kuwa a lulluɓe suke. A shiga ɗakin karatu a ga ko akwai wurin zama da haske.

Sai kuma a nemi ɗalibin da ke shekara ta uku ko ta huɗu a sashen. Irin waɗannan ba su da abin ɓoyewa. Yarinyar ta matsa kusa da wata ta ce, "Yaya, don Allah in tambaye ki mana, da kin san haka karatun yake, za ki sake zaɓarsa?" Amsar da za ta samu a cikin minti biyar, babu takardar da za ta ba ta ita. Uba kuma ya nemi ganin jami'in da ke kula da ɗaukar ɗalibai a sashen ko wani malami da ke ofis, ya yi sallama ya ce, "Malam, 'yarka ce na kawo, tana sha'awar karatunku, muna neman shawara." Malamai da yawa suna jin daɗin irin wannan zuwa, domin ba kasafai suke ganin iyaye ba sai in matsala ta faru.

Tambaya mafi nauyi a ofishin ita ce ta amincewar hukuma. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ke tantance kowane kwas, kuma jami'a na iya zama ingantacciya amma wani kwas nata bai samu cikakkiyar amincewa ba. Wasu fannonin kuma suna da hukuma ta biyu a kansu: likitanci na da majalisar likitoci ta MDCN, injiniya na da COREN, shari'a na da majalisar koyar da aikin lauya, wadda ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta tura makarantar lauyoyi. Wannan tambaya ta fi zama dole a sababbin jami'o'i, na gwamnati da masu zaman kansu. Uba kada ya ji kunyar yin ta. Kuɗinsa ne, shekarun 'yarsa ne.

A nan ne kuma za a warware maganar darussa. JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana jarraba ɗalibi a darasi huɗu, maki 400 gaba ɗaya, kuma Turanci dole ne ga kowa. Mai neman likitanci sai ya haɗa da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji. Mai neman injiniya kuma Lissafi da Fiziks da Kimistiri. Ana kuma bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO ko makamantansu, galibi har da Turanci da Lissafi. Yara da yawa sun ci maki mai kyau sun rasa gurbi saboda darasi ɗaya da aka zaɓa ba daidai ba. 'Ya'yan gidajen malamai da suka bi ta makarantun Larabci suka rubuta jarrabawar NBAIS, su tambaya dalla-dalla waɗanne kwasa-kwasai ne takardarsu za ta buɗe musu. Digirin shari'a na Jami'ar Bayero ya haɗa shari'ar Musulunci da dokar ƙasa, abin da zai ja hankalin yaron da ya taso yana jin ana biya Risala da Mukhtasar a zauren gidansu, amma shi ma yana da nasa sharuɗɗan, kuma gara a ji su daga bakin masu shi.

Game da rabon gurabe, tsarin jami'o'in tarayya shi ne kashi 45 cikin 100 na cancanta, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko. Ɗan Kano yana cikin yankin Jami'ar Bayero, amma masu nema sun ninka guraben, musamman a likitanci da shari'a da aikin jinya da harhaɗa magunguna. A tambayi makin da aka tsaya a kai bara, a gwada da ƙarfin yaro, ba da burin iyaye ba. Tun 2017 kuma duk wani gurbi na gaskiya ta manhajar CAPS ta JAMB yake fitowa, ɗalibi ya gani a shafinsa ya karɓa da kansa. Duk wanda ya tare ku a gindin bishiya ya ce yana da hanya, a kawo kaza, to ku yi masa sallama ku wuce.

Uwa kuwa tata tambayar daban ce, kuma sau da yawa ita ce ke yanke hukunci ko yarinya za ta yi karatun ko a'a. A gidaje da yawa na cikin gari, abin da ke hana mace zuwa jami'a tsoron abin da ba a sani ba ne, da labaran da ake ji a gidan biki. Maganin wannan shi ne uwa ta shiga ɗakin kwanan ɗalibai mata da kanta, inda maza ba sa shiga. A tsohuwar jami'a akwai ɗakin kwanan Nana, a sabuwa akwai irin su Ramat da Hasiya. Ta gaisa da matan da ke kula da wurin, ta tambayi ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, wa ake bari ya shigo, mutum nawa ne a ɗaki. Ta murɗa famfo ta ga ko ruwa na zuwa, ta leƙa banɗaki, ta ga inda ake girki da inda ake shanya. Ta ga 'yan mata sa'o'in 'yarta, da hijabansu da littattafansu, wasu daga Haɗeja, wasu daga Katsina, wasu daga kudu, kowace da abin da ya kawo ta. In ta dawo gida, kaka ta ce, "Ni fa ban yarda da kwanan makarantar nan ba," uwa na da abin faɗa: "Hajiya, na je na gani da idona."

Sai dai a sani gadon kwana ba ya isar kowa. Ɗalibai da yawa haya suke kamawa a unguwannin kusa, irin su Ɗanbare da Rijiyar Zaki da Ɗorayi. In akwai yiwuwar yaro ya zauna a irin waɗannan wurare, su ma a leƙa su a ranar, a ji kuɗin haya, a ga hanyar da zai riƙa bi da daddare. A tambayi inda asibitin jami'a yake da inda masallaci yake. In yaron na da lalurar gani ko ta tafiya, a duba matakala da nisan da ke tsakanin azuzuwa, a kuma nemi sashen ilimin masu bukata ta musamman a ji irin taimakon da ake bayarwa.

Maganar kuɗi a yi ta a fili, a gaban yaro. A 2023 jami'o'in tarayya da dama, har da Bayero, sun ƙara kuɗin rajista, har gwamnatin Kano ta ɗauki nauyin biya wa dubban ɗalibai 'yan jiha. A 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba da lamunin karatu ta asusun NELFUND, wanda bashi ne marar ruwa da za a biya bayan an gama an fara aiki. A tambaya a ofishin harkokin ɗalibai yadda ake nema. Amma kuɗin rajista sau ɗaya ake biya a shekara. Abin da ke cinye aljihu shi ne na kullum: mota, abincin rana, buga takardu, datar waya. Uban da ya riƙe abin da ya biya mai adaidaita da safe, sai ya ninka shi biyu, ya ninka da kwanakin mako, ya ninka da makonnin zango, ya ga ko kwana a gida ne ya fi sauƙi ko kama gado. A kuma sa yiwuwar yajin aiki a lissafi. Na malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma duk wanda ke makaranta a lokacin ya ga yadda shekarar kammalawarsa ta matsa.

Fom ɗin JAMB yana da gurbin zaɓi fiye da ɗaya, don haka ziyarar ma kada ta tsaya a wuri ɗaya. Jami'ar Northwest ta jihar Kano, wadda aka kafa a 2012, mutane da yawa kuma suka san ta da sunan Maitama Sule, tana da haraba a Gidan Ado Bayero da ke Ƙofar Nasarawa. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda ta fara aiki a 2001 kuma yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, tafiya ce ta yini guda a je a dawo. Akwai kuma hanyar kwalejojin ilimi da kwalejin kimiyya da fasaha da shirin IJMB, waɗanda ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye. Yaron da ya ga wuri biyu ko uku ya fi wanda ya ga ɗaya iya faɗin dalilin zaɓinsa.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan tafiya shi ne yaro yana aji biyu na babbar sakandare, ko farkon aji uku, tun kafin a buɗe sayar da fom, wanda galibi a farkon shekara ake yi. A lokacin akwai sauran damar gyara darussan da zai rubuta, da neman lambar NIN, wadda JAMB ta wajabta tun 2021, da tabbatar da cewa suna da ranar haihuwa sun zo daidai a duk takardu. Gidan da uba ba shi da sukuni, kawu ko yaya ko gwaggo su raka. Maƙwabta biyu ko uku ma za su iya haɗa kuɗin mota su tafi tare, in da hali da wani ɗan unguwa da ya yi karatu a can, wanda ya san ofisoshi ya san mutane. Madabo ba ta rasa irin waɗannan ba.

In an dawo gida, a zauna bayan sallar isha'i a bar yaron ya fara magana, kafin manya su sa baki. A tambaye shi me ya gani, me ya burge shi, me ya ba shi tsoro. A rubuta sunan kwas ɗin da aka tsaya a kai, da darussa huɗun da yake bukata, da zaɓi na biyu, a takarda guda. Ita zai riƙe a hannunsa ranar da zai zauna a gaban mai kwamfuta.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. A shiri na gaba za mu duba yadda ake cike fom ɗin JAMB da kurakuran da aka fi yi wajen suna da ranar haihuwa.